Me ya sa ake kiran kakata Ajuji?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Sunana na yanka Muhammadu, amma tun da na buɗe ido Tanko ake kirana. Kakata ta wajen uba kuma har ta koma ga Allah ba mu san ta da wani suna ba sai Ajuji. Kwanaki wani abokina ya ce mini waɗannan sunaye ragowar maguzanci ne, ba su da ma'ana, sunan kirki sai na Larabci. A wurin aikinmu kuma akwai wani mutumin Ghana mai suna Kofi, ya ce sunansa da Ɗanjuma duk ɗaya ne. Ga shi maiɗakina ta kusa sauka. Don Allah daga ina sunaye suke samo asali, kuma sauran al'ummun duniya su ma haka suke raɗa suna?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Tanko. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Maiɗaki kuma Allah ya sauke ta lafiya.

Tambayarka rassa uku gare ta. Kana son sanin ko suna irin naka da na kakarka suna da ma'ana. Kana son sanin ko mutumin Ghana ya faɗi daidai. A ƙarƙashin waɗannan biyun kuma akwai wadda ba ka fito da ita fili ba: wane suna zan sa wa ɗan da ke tafe, kuma idan na bar mata suka laƙaba masa na gida, na yi laifi? Na daɗe ina koyar da Hausa a kwalejin horar da malamai, kuma akwai aikin da nakan ba ɗalibaina idan za su tafi hutu. Kowa ya je ya zauna gaban tsohuwar gidansu, ya rubuto sunayen mutum ashirin daga cikin dangi, na yanka da na kira, da dalilin kowanne. Da yawa daga abin da zan faɗa maka game da namu sunayen a waɗannan takardu na ƙara fahimtarsa. Sauran kuma daga karatu ne, da zama da abokan aiki Yarabawa da Ibo da Fulani.

Kowane suna, kafin ya zama suna, kalma ce ko jimla a wani harshe. Idan ka ji mutum ya ce suna kaza ba shi da ma'ana, to ko dai harshen da ya haifi sunan ya yi masa nisa, ko kuma waɗanda suka san labarin sun ƙare ba a tambaye su ba.

Na yanka da na kira

Bahaushe Musulmi sunansa biyu ne aƙalla. Ranar da jariri ya kwana bakwai maza su taru a ƙofar gida da sassafe, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, a sanar da suna. Wannan shi ne na yanka, kuma kusan kullum na annabi ne, ko sahabi, ko wani bawan Allah da ake fatan yaro ya bi sawunsa. Amma can cikin gida, tun kafin maza su taru, ungozoma da kakanni da gwaggonni sun riga sun ga abin da suka gani. Sun san ranar da aka haihu, sun san ko ana ruwa ko ana azumi, sun san halin da gidan ke ciki. Daga bakinsu suna na biyu yake fitowa, kuma sau tari shi ne yake bin mutum har kabari.

Naka bayyananne ne. Tanko shi ne namijin da ya zo bayan an jera mata. Ka duba gidanku, da wuya a ce babu yayye mata a gabanka. Macen da ta zo bayan maza ita ce Kande ko Delu. Wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo, na ƙarshe Auta. Audi bai tarar da mahaifinsa a duniya ba, Talle ya yi maraici tun yana tsumma, Korau an haife shi uwarsa ta bar gidan ubansa. Cindo yatsunsa shida, Mairiga ya fito a lulluɓe, Bakwaini bai cika wata tara ba, Shekarau kuwa ya wuce lokacin da ake zato. Nomau ya zo ana noma, Anaruwa ana ruwa, Marka a tsakiyar damina. Azumi da Ɗan'azumi da Labaran 'ya'yan watan Ramalana ne, Sallau da Tasalla na ranar idi. A zamanin da babu takardar haihuwa, wannan ita ce rajistarmu. Ka ce da tsoho wane ne Audi a gidan nan, ya riga ya san shekarar da aka haife shi, don ya san shekarar da uban ya rasu. Sai dai ka sani ma'ana takan ɗan karkata daga gari zuwa gari, kuma akwai Tankon da suna kawai ya ci na wani kawu, ba shi da yaya mace ko ɗaya. Wanda zai warware maka wannan shi ne tsohon gidanku.

Ajuji

Nan zan ɗan daɗe, don shi ne sunan da ya fi taɓa ni a duk waɗanda ɗalibai suke kawowa.

Hausawa na kiran macen da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana mai wabi. Ta haifi na fari ta binne, na biyu ta binne, na uku ta binne. Idan ta sake haihuwa, sai tsofaffi su ɗauki jaririn su kai shi juji su ajiye, kamar ba a damu da shi ba, wata ta je ta ɗauko. Daga nan sunansa Ajuji. Danginsa su ne Ayashe, wato a yasar, da Bawa, kamar a ce wannan ba ɗan gida ba ne, na wani ne. Tunanin shi ne duk abin da ke ɗauke 'ya'yan nan, idan ya ga an wulaƙanta wannan, zai raina shi ya wuce. Akwai kuma waɗanda roƙo ne tsantsa: Abarshi, Abarta, Barmini. Ka sake karanta su a hankali. A bar shi. A bar ta. Bar mini. Uwa ce take magana, kuma duk wanda ya kira yaron ya maimaita mata roƙon, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka sunan kakarka yana gaya maka cewa mahaifiyarta ta binne 'ya'ya kafin ta same ta, kuma ita ce ta tsaya. Ta tsaya har ta haifi mahaifinka. Wata shekara wata ɗalibata ta dawo daga hutu ta ce mini ta girma tana jin kunyar sunan kakarta, irin wannan sunan, har ba ta son a faɗe shi gaban ƙawayenta. Da ta tambaya aka lissafa mata waɗanda suka rasu kafin tsohuwar, sai ta kasa ƙarasa karanta aikinta a gaban aji.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Yarabawa na kiran irin wannan yaro abiku, suna sa masa Malomo, wato kada ka sake tafiya, ko Kokumo, ba zai sake mutuwa ba, ko Durojaiye, tsaya ka ji daɗin duniya. Akwai Kosoko, ma'anarsa babu fartanya, wato ba mu da abin haƙa wani kabarin. Sarkin Legas da Turawan Ingila suka yi wa ruwan wuta suka tumɓuke a 1851 sunansa ke nan. Ibo na cewa ogbanje, suna sa Onwubiko, mutuwa don Allah, da Ozoemena, kada ya sake faruwa. Mutanen Akan na Ghana suna da Donkor, wato bawa, da Sumina, wato juji. Ka ji fa: Bawa da Ajuji, babu ragi babu ƙari. Can ƙasar Mongoliya, tsakanin Sin da Rasha, inda ba wata cuɗanya da ta taɓa haɗa mu, akwai masu suna Nergui, babu suna, da Enebish, ba wannan ba ne, da Khunbish, ba mutum ba ne. Ba wanda ya kwaikwayi wani a nan. Duk inda mutuwar jarirai ta yi yawa, iyaye sun kai ga dabara iri ɗaya.

To abokinka yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ganin cewa ajiye yaro a juji zai rikita mutuwa ko iska tunani ne da ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Hausa, kuma bai dace da imani da ajali ba. Yau mun san abubuwan da ke kashe yaran nan: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, cutar da ke shiga ta cibiya idan an yanke ta da abu mai datti, da sikila, wadda takan bi 'ya'yan ma'aurata ɗaya bayan ɗaya. Maganinsu rigakafi ne da awon ciki da gwajin jini kafin aure. Ba zan ba kowa shawarar ya kai ɗansa juji ba. Amma a ce sunan ba shi da ma'ana, wannan kuskure ne babba. Ma'anarsa ce ma ta yi nauyi har muke kawar da kai.

Kofi da Ɗanjuma

Mutumin Ghana ya faɗi daidai. A wurin Akan, su Asante da Fante, namijin da aka haifa ranar Juma'a Kofi ne, mace Afua. Lahadi Kwasi da Akosua, Litinin Kwadwo da Adwoa, Talata Kwabena da Abena, Laraba Kwaku da Akua, Alhamis Yaw da Yaa, Asabar Kwame da Ama. Jera su kusa da namu ka gani: Ɗanladi da Ladi, Tanimu da Altine, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta ja Asante suka yaƙi Turawa a 1900, da a Kano aka haife ta Lami za a ce mata. Kwame Nkrumah Ɗan'asabe ne.

Kofi Annan, tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, sunansa ya fi kowanne bayani. An haife shi a Kumasi ranar 8 ga Afrilu 1938, wadda ta kama Juma'a. Cikakken sunansa Kofi Atta Annan. Kofi ranar haihuwa ce, Atta yana nufin ɗan tagwaye, don tare aka haife shi da 'yar'uwarsa, Annan kuma asalinsa sunan ɗa na huɗu ne, sai ya zama na iyali. Da Hausa kamar ka ce Ɗanjuma Hassan Rabi'u.

Bambancin shi ne su Akan sun ɗauki sunan rana da nauyi fiye da mu. Suna kiransa sunan kurwa, suna ganin kowace rana da halin da take ba 'ya'yanta. Ya kama su ƙwarai, har bayin da aka kwashe aka tsallaka teku da su ba su sake shi ba. A Jamaika, shugaban bayin da suka ɓalle suka kafa garuruwansu a kan duwatsu, wanda Turawan Ingila suka yi sulhu da shi a 1739, sunansa Cudjoe, wato Kwadwo, Tanimu ke nan. Ibo kuma makonsu na gargajiya kwana huɗu ne na kasuwa, Eke da Orie da Afo da Nkwo, daga nan aka samu Okeke da Okorie da Okafor da Okonkwo. Luo na Kenya lokacin yini suke dubawa: Otieno an haife shi da dare, Akinyi da safe, Odhiambo da yamma.

Ga wani abin da abokinka bai lura da shi ba. Sunayen ranakunmu bakwai duk daga Larabci muka aro su. Lahadi daga al-ahad, Alhamis daga al-khamis, Asabar daga as-sabt. Ashe Ɗanladi da Lami da Asabe saiwarsu Larabci ce, Bahaushe ya yi musu riga kawai. Larabawa da Sawahilawa su ma suna sa Jumu'a da Khamis da Ramadan da Rajab.

Su na Larabcin, me suke nufi?

Wannan shi ne zuciyar amsar da za ka kai wa abokinka. Muna jin sunayen Larabci da kwarjini saboda mutanen da suka ɗauke su, kuma sun cancanci haka. Amma ka buɗe ƙamus ka ga asalinsu. Khadija daga kalmar da ke nufin jaririn da aka haifa bai cika watanni ba take, wato Bakwaini. Fatima mai yaye ce. Bakr ɗan raƙumi ne matashi. Usama da Haidar zaki. Ja'afar ƙorama. Abbas mai ɗaure fuska. A'isha mai rai, rayayya, fata ne irin na uwar da ta ce Abarta. Larabawan dauri suna sa wa 'ya'yansu Sakhr, dutse, da Harb, yaƙi, da Hanzala, wani ɗan itace mai ɗaci, don abokan gaba su ji tsoro. Su ma abin da ke gabansu suka duba suka raɗa suna, kamar yadda kakanninmu suka yi. Nana Khadija ce ta ɗaukaka sunan Khadija da imaninta da dukiyarta da haƙurinta.

Yawancin sunayen annabawa ma ba Larabci ba ne. Isma'ila a Ibrananci Allah ya ji ne. Yusuf ya ƙara, wato Allah ya ƙaro wani. Ishaƙa daga dariya yake, kuma ka tuna a Suratu Hud matar Annabi Ibrahim ta yi dariya sannan aka yi mata bushara da shi. Waɗannan sunaye sun zaga duniya, kowane harshe ya tanƙwara su yadda bakinsa zai iya. Yusuf shi ne Joseph a Ingila, José a Sifaniya, Issoufou a rubutun Nijar. Muhammad ya zama Mehmet a Turkiyya, Mamadou a Mali da Senegal, Mahamane a Damagaram, Mamman a wurinmu. Abubakar ya zama Habu da Garba, Bukar a Borno, Buba a wurin Fulani. Abdullahi Audu, A'isha Indo da Shatu, Khadija Dije, Hauwa'u Kulu, Maryam Mairo. Binta kuwa kalmar bint ce, 'ya, don Fatima 'yar Manzon Allah ce.

Akwai kuma waɗanda muke ɗauka sunaye ne alhali lissafi ne. Saboda son Annabi, mutum zai sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, sai a bambanta su da ƙirga: Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru, na ɗaya har na goma. Rumawan dauri suna da Quintus da Sextus, na biyar da na shida. Japanawa suna da Ichiro da Jiro da Saburo. Fulani suna da Dikko ɗan fari da Sambo mai bi masa. Wasu kuma sunayen garuruwa ne. Buhari nisba ce zuwa birnin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau, garin Imam Muhammad ɗan Isma'ila mai Sahihi. Jilani daga yankin Gilan na Iran, Suyuɗi daga Asyut ta Masar. Wanda ya sa wa ɗansa Buhari malamin yake nufi, amma kalmar kanta daidai take da a ce Bakano ko Bakatsine.

Ni malamin harshe ne, hukuncin halal da haram na malaman fiƙihu ne, kuma gare su za ka koma idan wani suna ya shige maka duhu. Amma abin da ya tabbata a hadisi a bayyane yake. Muslim ya ruwaito cewa mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wata mai suna Asiya, da harafin ainu da sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Ya canza Barra, mai nuna yabon kai, zuwa Zainab. Ya ce da kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri, ya koma Sahl, sauƙi, mutumin ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya sa masa ba. Duk waɗannan sunayen da aka canza na Larabci ne tsantsa, ma'anarsu ce ta jawo. Laƙabi kuma shi da kansa ya yi wa Sayyidina Ali, da ya same shi kwance a masallaci ƙasa ta taɓa jikinsa, ya kira shi Abu Turab, kuma Ali ya fi son wannan a kan duk yadda ake kiransa. Abu Huraira uban 'yar kyanwa ne. Abin da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana shi ne jifan juna da laƙabin wulaƙanci. Tanko da Jummai da Auta ba su shiga nan ba.

Kunya ce ta ninka mana sunaye

Akwai wani dalilin da ya sa na kira yake danne na yanka, kuma shi ne alkunya. Matar Bahaushe ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, da yawa ba sa faɗin na ɗan fari. To ga shi an haifi yaro an mayar da sunan kakansa. Uwar ba za ta iya tsayawa tsakar gida ta ƙwala kiran sunan surukinta ba, uban ma ba zai so a ji yana tsawata wa mai sunan mahaifinsa da sunan ba. Sai yaro ya zama Abba, ko Baffa, ko Baba, ko Khalifa, yarinya ta zama Ummi, ko Mama, ko Uwani, ko Walida. Duk Abban da ka sani, ka bincika, akwai wani dattijo a bayan sunan.

Kowace al'umma da yadda ta warware wannan. Matan Zulu da Xhosa a Afirka ta Kudu sun fi mu tsanani, don a al'adarsu ta hlonipha mace na kauce wa har kalmomin da suka yi kama da sunan surukinta. Sinawa na dauri ba sa mayar da sunan kaka sam, girmamawa a wurinsu ita ce a bar masa sunansa shi kaɗai. Yahudawan Turai ta Gabas ba sa sa sunan wanda ke raye, sai mamaci. Yarabawa kuwa idan kaka ya rasu aka haifi namiji sai su ce Babatunde, baba ya dawo, mace Yetunde ko Iyabo.

Sunan iyali da takardun zamani

Abin da ba mu gada ba shi ne suna guda da zuri'a duka ke ɗauka. Mu ɗan wane muke cewa, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da ubanninsu. Da boko ya zo, rajistar makaranta ta nemi suna na biyu, sai da yawa suka ɗauki garinsu ko unguwarsu: Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Abubakar Gumi. Turawan da suka kawo tsarin ma ta wannan hanya suka samu nasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Johnson ɗan John ne, Smith maƙeri, Taylor kuwa ita ce kalmar da muka ara muka ce tela. A wasu ƙasashe doka ce ta tilasta: Japan a 1875, Turkiyya a 1934, shekarar da majalisa ta ba Mustafa Kemal sunan Atatürk, uban Turkawa. Mutanen Iceland har gobe irin namu suke yi, ɗan wane da 'yar wane.

A nan ne nake ganin ɗalibai suna shan wahala, kuma ba na son ɗanka ya sha ta. Yaro a firamare an rubuta Tanko Musa, a sakandare Muhammad Musa, a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, Mohammed T. Musa, a NIN kuma, lambar shaidar ɗan ƙasa, an sa sunan kakansa a ƙarshe. Ranar da zai karɓi takardar shiga makaranta ko ya buɗe asusun banki, kwamfuta ta ce mutum huɗu ne, sai zaryar kotu da rantsuwa. Da zarar an yi suna ka je ka yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ku zauna da maiɗakinka ku tsayar da rubutu ɗaya, harafi da harafi, da jeri ɗaya, kada a sake taɓa shi.

Game da zaɓin kuwa, shawarata ita ce ka ba shi sunan yanka da ka san ma'anarsa, ka kuma san wanda ya ɗauke shi, don wata rana zai tambaye ka. Yanzu ana yayin tsinto suna daga intanet saboda daɗin amo, ko a buɗe Alƙur'ani a ɗauki kalmar da ido ya faɗa a kai. Zuwan kalma a Alƙur'ani bai mayar da ita sunan kirki ba, Fir'auna da Hamana da Ƙaruna duk suna ciki. Kafin ka yanka rago ka kai sunan gaban wanda ya san Larabci ya fassara maka. Idan kuma mata suka laƙaba masa na gida mai tsabta, wanda ba zagi ba ne kuma ba ya ɗauke da wata aƙida, ka bar su. Ni har nakan ba iyaye shawarar su sa shi a tsakiya cikin takardar haihuwa, Muhammad Ɗanjuma wane, ko Fatima Azumi wance, don a ajin da nake koyarwa yanzu sai in kira rajista daga farko har ƙarshe ban ci karo da Talatu ko Nomau ba.

Kafin ranar suna kuma, idan akwai wata gwaggo ko wani baffa da ya rage cikin 'ya'yan Ajuji, ka saya masa goro ka je ka zauna. Ka tambayi sunanta na yanka, don tabbas tana da shi, an yanka mata rago kamar kowa. Ka tambayi 'ya'ya nawa mahaifiyarta ta rasa kafin ita, da wadda ta ɗauko ta daga jujin, ka rubuta a takarda ka ajiye. Idan Allah ya kawo mace, ga sunan da za ka mayar, mahaifinka kuma shi zai fara kiranta Ummi.